Lambun Sahing

Ƙarar ta fara ne jim kaɗan bayan isha'i, daga ƙarƙashin jirgin. Ƙurrr, ƙurrr, sai shiru, sai ta dawo, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Sahing yana kwance a kan buhunan shinkafa, kunnensa manne da katako. Ya haura shekara arba'in yana shiga teku. Ya san kifin da ke gurnani kamar rago, ya san jatan landen da ke ƙyasta yatsa, amma wannan ƙara bai san ta ba.

"Upe, kana ji kuwa?"

Ambo Upe, kukun jirgin, ko juyowa bai yi ba daga wanke-wankensa. "Cikinka ne, tsoho. Sai da na hana ka ƙarin wake."

Sahing ya ɗauki tocila, ya ja matacciyar ƙafarsa zuwa bayan jirgi, ya haska ruwa. Wata ƙatuwar kififiya ce ta samu tsanin ƙarfen da baƙi ke hawowa da shi, tana sosa bayanta a jiki, ido a lumshe. Ya tsuguna yana kallonta. Ashe su ma bayansu na yin ƙaiƙayi. Ba don kififiyar nan ba, da bai ji abin da ake faɗa a saman kansa ba.

Wulan ce, matar nan ta Jakarta mai kula da baƙi, take magana da kyaftin Daeng Rewa a kan bene.

"Kwana huɗu, Daeng, ba mu nuna musu abin kirki ba. Bajamushen nan ya ce duk abin da ya gani nan ya gan shi a wuri goma. Kuma daga ofis sun sake kira a kan tsohon. Ba shi da takardar shaidar nutso, ba ya jin Turanci, ga ƙafa. Muna komawa Baubau za a sallame shi."

"Shi ya san ruwan nan," in ji kyaftin.

"Abin da ya sani duk mun sani yanzu."

Sahing ya kashe tocilar.

Jirgin na katako ne mai ɗakunan kwana takwas. Yakan kwashi baƙi mako guda a teku, a ciki za su ci, a ciki za su kwana, su yi nutso sau uku ko huɗu a yini da tulun iska a baya. Mutane ne masu abin mamaki. Sai su ƙetaro duniya don su kalli kifi, ba su kama ba, ba su ci ba, su fito su rubuta sunansa a littafi. Sahing ya taɓa ganin wata tsohuwa 'yar Japan tana kuka wiwi saboda wata tsutsa mai ruwan ɗorawa da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Shi ya nuna mata ita. Aikinsa ke nan shekara tara, ya shige gaba, ya yi nuni da ɗan tsinken ƙarfe.

Kafin nan da tiyo yake nutso, kamar sauran mazan ƙauyensu Tobeku. Inji na hura iska daga kwale-kwale, kai kana can ƙasa da bakin tiyo a haƙoranka kana tsintar abin da 'yan kasuwa za su saya. Tiyon nan ne ya cinye masa ƙafar hagu ranar da inji ya mutu ya taso da gaggawa, saurin tasowar ya shanye ta. A tudu gurgu ne. Amma da tulu a bayansa, a ƙarƙashin ruwa, babu mai iya cewa ga gurgu ga mai lafiya. Idan aka sauke shi daga jirgin nan tiyo zai koma wa, in ma an samu mai ɗaukarsa.

Wuri ɗaya ne ya rage bai taɓa nuna wa kowa ba.

A Tobeku idan mace ta haihu, ungozoma takan wanke mabiyiya, ta barbaɗa gishiri, ta rufe ta cikin ƙoƙon kwakwa biyu, ta ɗaure da igiya haɗe da ɗan dutse. Uban jariri ya tuƙa kwale-kwale shi kaɗai, ba ya waiwaye, ya kai ta bayan tsibiran kurmi ya saka ta a ruwa. Yayan jaririn ke nan. Can zai zauna yana tsaron ƙaninsa duk ranar da ya shiga teku. Na Sahing yana can, da na ubansa, da na 'yarsa Sarlina. Wurin ba shi da suna, "can" kawai ake cewa, kuma masunci ba ya jefa ƙugiya a kusa. Sau ɗaya Sahing ya taɓa leƙa ƙasan ruwan wurin, yana saurayi, da numfashi guda, kuma bai ba kowa labari ba.

Da safe ya sami Wulan tana shan kofi.

"Uwar ɗaki, akwai wani wuri."

Ta ajiye kofin. "Wane wuri kuma, Kawu?"

"Ba a zuwa. Amma zan kai ku sau ɗaya. Mutum shida. Ba a taɓa komai, ba a ɗauko komai, ba a gaya wa kowa. Ni zan tuƙa."

"Shekara tara kana ɓoye mana, ashe?" Ta yi dariya, ta dafa ƙirji. "Na yi alkawari. Sau ɗaya."

Ya biya ta kicin ya damƙi shinkafa ya zuba a aljihu. Upe ya bi hannun da kallo. "Shinkafar tawa za ka kai wa kifi sadaka? Ko budurwa ka yi a ƙasan ruwa?" Da ya ga fuskar Sahing sai ya bar zolayar, ya miƙa masa sigari mai kanumfari.

Sahing ba wawa ba ne, ya san yadda ake ɓoye wuri. Duk masuncin Tobeku da ya samu ramin kifi ya san abin da ake yi wa mai bin sawu. Hanyar da ba ta fi minti ashirin ba sai da ya ci awa ɗaya da rabi a kanta. Ya kutsa da ƙaramin jirgin da ake kai baƙi nutso cikin kurmi, inda saiwoyi ke tsaye a ruwa kamar ƙafafun gizo, ya fita ta gabas, ya koma ta kudu, ya wuce wata busasshiyar bishiya sau biyu ta fuskoki daban. Bajamushen mai jan gemu ya yi amai. Wulan ta ce ita kam ko gabas ba ta sani ba yanzu. Sahing ya ji daɗi a ransa.

Da ya kashe inji sai ya watsa shinkafar a ruwa, ya nemi afuwa a hankali cikin harshensu. Ya ga Bajamushen yana danna wani maɓalli a jikin ƙaton agogon hannunsa. Ya ɗauka lokaci yake dubawa.

Suka nutsa.

Wani kwari ne na farin yashi, murjani ya kewaye shi kamar katanga, haske na saukowa a kai zare-zare. Ƙoƙuna ne ko'ina, ɗaruruwa, wasu sun yi gansakuka, wasu igiyarsu ba ta ma ruɓe ba. Kuma kusan kowane tsohon ƙoƙo akwai mai shi a ciki: kuta, halittar nan mai hannu takwas marar ƙashi. Wata ta ɗaga murfi ta leƙo da ido ɗaya. Wata ta rungume ƙoƙonta tana tafiya da shi a kan yashi da hannu biyu, kamar tsohuwa ta tattare zane za ta tsallake kwata. Sahing ya tsaya cak a ruwa, yana jin numfashinsa na fita yana hawa sama. A cikin waɗannan akwai nasa. Ya rasa wanne zai kalla.

Fitilun hoto suka fara walƙiya. Bajamushen ya kai hannu zai gyara wa wani ƙoƙo zama don ya samu haske. Sahing ya make masa yatsu da tsinken ƙarfe. Mutumin ya zaro ido ta cikin gilashi, sannan ya janye.

A jirgi ranar nan har rungumarsa aka yi. Wulan ta ce, "Kawu, maganar sallama ta mutu. Ni da kaina zan kira ofis." Upe ya gasa masa kifi guda shi kaɗai da tuwon rogo. Ya ci kaɗan ya ture.

Mako na zagayowa, da sababbin baƙi, Wulan ta ce gobe da safe wurin ƙoƙuna za a je.

"Sau ɗaya muka yi da ke, uwar ɗaki."

"Haba Kawu, ba abin da muka taɓa fa. Kallo ne kawai."

"Ba zan tuƙa ba."

"Ba komai, ka huta abinka."

Yana tsaye a bakin jirgi ya ga ɗaya daga cikin masu takarda, wani mai jagoran nutso da ya zo daga Bali, ya tayar da inji ya miƙe sak, ko kurmin bai kalla ba. Da suka dawo Sahing ya tare shi.

"Wa ya nuna maka hanya?"

Mutumin ya fito da wayarsa. Ga shuɗin teku, ga tsibiran, ga wani jan ɗigo. "Agogon Bajamushe ne ya riƙe wurin, Kawu. Ko wata guda ka yi kana zagaye, inda ka tsaya kawai yake so." Ya nuna rubutun da ke ƙarƙashin ɗigon. "Ka ga, har sunanka aka sa. Lambun Sahing. Girmamawa ce."

Sahing bai yi nisa a boko ba, amma ya iya karanta sunansa.

Kafin iska ta juya, jirage biyar ke zuwa wurin. Hotunan sun zaga duniya. Wani jirgi ya jefa anka, ƙarfen nan na tsayar da jirgi, ya farfasa gefen katangar murjani, saboda haka masu gadin teku suka kawo wani ƙaton dunƙulen siminti mai zobe don a riƙa ɗaure jirage a jiki. A tsakiyar yashin ya sauka. Suka kafa allo a kan tudun da ke kusa, da sabon sunan wurin a samansa, cewa an haramta kamun kifi da zubar da kowane irin abu a nan. Sahing ya ci gaba da aikinsa a sauran wurare. Duk ranar da za a je can sai ya ce kunnensa na ciwo, ya zauna yana taya Upe ɓare albasa.

A bakin wani mai sayar musu da kifi ya ji labarin Kudding, maƙwabcinsa, wanda ɗakinsa ke fuskantar nasa. Matar Kudding ta haifi namiji bayan mata huɗu. Ya tuƙa shi kaɗai da ƙoƙonsa, ya tarar da Turawa na shawagi a ruwa, masu gadi suka tare shi. Suka ce ya buɗe su gani. Suka toshe hanci, suka ce ba a zubar da shara a nan, suka karanta masa allon tun daga sunan da ke sama. Ya juyo da ƙoƙon a cinyarsa. A ƙarshe tudu ya kai shi ya binne, kamar yadda mutanen gona ke yi. Yaron kuwa tun daga ranar ba ya rabuwa da zazzaɓi, kuma kowa a Tobeku ya san dalilin da uwarsa ke faɗa.

Da lokacin baƙin jirginsu ya ƙare aka sauke Sahing a Baubau. Wulan ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, amma ofis sun dage a kan takarda. Idonta ya yi ja, da gaske take. Ta ba shi wata riga cikin leda, irin wadda ake sayar wa baƙi, da zanen kuta cikin ƙoƙo a ƙirji. Upe ya rako shi har bakin gada ɗauke da jakarsa, bai yi zolaya ko ɗaya ba.

Tobeku tana nan a kan turakunta bisa ruwa. Ya bi katakan da suka haɗa ɗakuna yana jan ƙafa. Babu wanda ya zage shi. Idan ya yi sallama a amsa, sai kowa ya koma kan abin da yake yi. A masallaci akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi, ba mai yawa ba, kamar faɗin tafin hannu.

Wata biyu da dawowarsa, da hantsi, Sarlina ta haihu. Mijinta na can Malesiya a jirgin kamun kifi, sai baɗi. Sahing yana zaune a ƙofar ɗaki ya ji kukan jaririya. Can ungozoma Mbo Jarni ta fito, hannayenta jiƙe, riƙe da ƙoƙon kwakwa a ɗaure tam, ɗan dutse na lilo a jikin igiyar.

"Mace ce, lafiya lau. Ubanta ba ya nan, kai ne uba yau." Ta ɗora masa a tafin hannu. "Kada ta wuce azahar."

Da ɗuminsa. Ya miƙe da kyar. Kwale-kwalensa na ɗaure a ƙarƙashin tsani, teku ta cika, iska babu. Mata sun firfito ƙofofinsu, masu shanyar kifi sun tsaya da aiki. Daga nan inda yake, ta bayan tsibiran kurmi, ana hango kan fararen jirage uku tsaye a can.

Kudding yana zaune a tsallaken katako yana ɗinkin koma, ɗansa kwance a gefe cikin zane. Rabon da ya yi wa Sahing magana tun kafin dawowarsa. Bai ɗaga murya ba, bai ma ajiye allurar ba.

"Barka da arziki, maƙwabci. To, ina za ka kai ta?"