Faifan Baba Mai Agogo

"Ba wannan notin ba, na ƙasansa," in ji Baba Mai Agogo daga kan katifa.

Ina durƙushe a ɗakinsa, tsohuwar kwamfutarsa kife a gabana. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo, yau ko sukurdireba ta fi ƙarfin yatsunsa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, da ya ƙwanƙwasa ta sai in shigo.

"Baba, ba ka ce ka goge hotunan ba?"

"Gogewa ba ta kashe su, 'yata. Masu saye tono su suke yi. Cire faifan da ke ajiye su kawai."

Hotunan Inna ne, marigayiyar matarsa. Lokacin da ciwon nono ya ci ƙarfinta, likita ya ce a riƙa ɗaukar hoton mikin ana aika masa. Ni nake wanke mata shi, don haka na san abin da ke ciki. Matar da ko shara ba ta fita zubarwa ba mayafi!

Sai ga Dogo, babban ɗansa, ya leƙo yana toshe hanci.

"Anti, bi ta a hankali, na riga na yi cinikinta."

Ko kallon katifar bai yi ba. Idonsa na kan fanka, daga nan ya koma kan agogon bango. Ungulu ma tana bari rai ya fita.

Yana juya baya na zare faifan, na cusa a haɓar zani. Baba ya gani, ya lumshe ido.

Washegari da hantsi Baba ya cika. Kafin a dawo daga maƙabarta kwamfuta ta yi ƙafa. Da yamma, masu gaisuwa na zaune a kan tabarmi, Dogo ya ja ni bayan ƙofa.

"Anti, mutumin ya ce an cire faifan, wai ba zai karɓa haka ba. Yana ina?"

"Hotunan uwarka ne a ciki, ƙirjinta a buɗe. So kake wani ƙato ya zauna yana kallo?"

Ya ɗaga kafaɗa. "To ai ta mutu. Wa ya san ta?"

Nonon da ya sha ke nan. Na dube shi sama da ƙasa, na haɗiye yawun da ya taru mini a baki, saboda darajar gidan rasuwa.

Na shige gidana, na ɗora faifan a dokin ƙofa, na ɗauko guduma. Ban daina ba sai da hannuna ya yi tsami. Na san Dogo yana jina ta katanga.

Ɓaraguzan sun watsu a siminti suna ƙyalli. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko tsohon mayafin Inna da aka ba ni bayan rasuwarta, na ƙulle su a ciki.