Giɓin da ke Daman Uwaisu

Uwaisu ya zo Landan karatun falsafa, kuma da ya bar karatun a makaranta da babu abin faɗa. Bincikensa a jami'ar da ke unguwar Bloomsbury kan wata gardama ce ta masanan Turai na ƙarni na sha bakwai: shin wuri da lokaci ana ta raba su har abada, ko akwai ƙwayar da ba ta rabuwa? Ya bi masu cewa rabuwar ba ta da iyaka. Laifinsa ɗaya, ya shiga da abin masallaci.

A wani ƙaramin masallaci a unguwar Camberwell yake sallar Azahar. Duk sanda liman ya ce a haɗa sahu kada a bar wa Shaiɗan giɓi, sai Uwaisu ya dubi ƙasa. Tsakanin ɗan yatsan ƙafarsa da na maƙwabcinsa akwai tazara, ko da kaurin gashi ce. Rabinta wuri ne. Rabin rabinta ma wuri ne. Wanda ba shi da jiki kuwa, wane fili yake buƙata?

Sai ya fara matsawa, yana danne ƙafafun mutane har su fita suna ɗingishi.

Baba Fatawu, wani dattijon Gana mai tuƙa bas, ya tare shi wajen takalma. "Kai ɗan boko, salla ka zo ko kokawa? Ƙafa nan an yi shi operation!"

"Baba, ku yi haƙuri. Giɓin ne ba ya rufuwa."

"Kanka ne bai rufu ba."

Bai daina ba. Fatiha ta riƙa kuɓuce masa, hankalinsa na kan kafet. Mutane suka gaji da shi, suna ja baya, har wata Asabar ya tsaya da faɗin mutum guda babu kowa a damansa. Liman ya juyo ya duba sahun, ya gyaɗa kai, ya kabbara.

A raka'a ta biyu wani yatsa mai sanyi ya manne da nasa, mannewar da ko iska ba za ta ratsa ba. Haka ya ƙarasa sallar. Da ya juya dama don sallama, sai kafet.

Ya riƙo hannun rigar Baba Fatawu. "Baba, don me ba ku matso ba? Kun bar ni da fili."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Wane fili? Dogo ɗin nan fa? Mun ɗauka tare kuka zo." Ya zura takalminsa. "Ya ce La'asar ma zai kama maka wuri."