Minti Arba'in a Ajin Malam Ɗalha

Malam Ɗalha ne ya koya min Turanci, tun ina 'yar aji ɗaya a sakandare, shekara ashirin da biyu ke nan. Yanzu ni ce shugabar sashen Turanci a wata makarantar kuɗi da ke Yakasai, shi kuma yana ƙarƙashina. A takarda dai. Har gobe in na hango shi sai na rusuna, kuma ban taɓa iya zama a kujera yana tsaye ba.

Ya zo mana ne bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, saboda akwai 'ya'ya mata uku a gabansa da ba su gama karatu ba, kuma da albashin nan yake riƙe da su. Koyarwarsa iri ɗaya ce tun zamaninmu. Zai rubuta Turancin a allo, ya karanta shi tsaf, sannan ya juyo ya warware shi da Hausa har sai ya ga a idon yaro cewa abin ya shiga.

Ana nan sai mai makarantar, Alhaji Gali, ya ɗauko wani ƙwararre daga Abuja, wai zai gyara mana tsari. Abdulhakeem sunansa, ɗan gayu ne mai yawo da kwamfuta a hammata, in ya buɗe baki sai ka rantse bai taɓa cin tuwo ba. Ya ce kowane malami zai yi darasin gwaji na minti arba'in a gaban kwamiti, wanda ya faɗi a sallame shi a ƙarshen zango. Mu uku ne kwamitin: shi, da Alhaji, da ni. Ya nuna min fom ɗin da za mu cika. Layi na huɗu ya ce duk malamin Turancin da ya yi Hausa a aji, ko da kalma ɗaya ce, ya faɗi, komai kyan sauran darasin.

"Ki sanar da mutanenki, Malama Sa'adiyya," in ji shi.

Na sanar. Na rubuta a zauren malamanmu na waya, matasan duk suka gani. Amma Malam Ɗalha ƙaramar waya ce da shi, mai tocila, kuma ba ya zama hira da yara a ɗakin malamai. Kowa ya ɗauka ni zan gaya masa, tunda an san ɗalibarsa ce ni.

Ranar Asabar bayan la'asar na tafi gidansa a Sheshe. Na same shi a zaure a kan tabarma, da tsohon littafinsa na nahawu wanda bangonsa ya sha ɗinki. An riga an ba shi abin da zai koyar: yadda ake kwatanta abu biyu da kalmomin aikatau irin su known da spoken. Muka gaisa, na tambayi mutan gida, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Matarsa, Baba Maimuna, ta aiko min da zoɓo.

"Malam," na ce, idona a ƙasa, "mutumin nan na Abuja fa yana son Turanci sosai."

Ya yi dariya. "To ai Turancin za mu koyar, Sa'adiyya."

"Eh, wato yana son a yi ta yin sa ne. Daga farko har ƙarshe."

"In sha Allahu zai ji har ya ƙoshi. Ke dai kada ki sa damuwa a ranki."

Maganar tana bakina, jimla ɗaya ce tak. Amma yaya zan dubi mutumin da ya sa min Turanci a baki in ce masa hanyar da ya koya min da ita yanzu laifi ce, ya daina? A gidanmu ba a yi min tarbiyyar gyara wa malami zance ba. Na ce a raina ai mai hankali ne, ya fahimta. Na shanye zoɓon, ya sa min albarka, na fito ina jin haushin kaina tun daga lungunsu har titi.

Ranar Talata muka zauna a bencin baya na aji biyu, Abdulhakeem a damana, Alhaji a haguna. Malam ya shigo da farar rigarsa da ta sha guga. Ya rubuta a allo: Kano is better known than Wudil. A ƙasa ya ƙara: Hausa is more widely spoken than Kanuri. Ya yi bayani da Turanci zalla, a hankali, cewa known da spoken siga ce ta uku ta aikatau, a nan suna aikin siffa, wasu suna tafiya da better, wasu da more, wasu da less. Minti ashirin da biyar suka wuce bai yi Hausa ba. Ina duba agogo ina salati a zuci.

Sai ya nemi misali daga wata yarinya mai suna Ikram, 'yar shiru-shiru da ke zama jikin taga. Ta miƙe ta ce, "Kano is more knower than Wudil."

Aji ya fashe da dariya. Yarinyar ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta. Malam ya sake bayani da Turanci, ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da kowane malami ya san ta neman a ƙyale mutum ce. Ya dube ta, ya ajiye allin a kan tebur, ya kaɗe hannunsa. Na san abin da ke biyo bayan wannan. Na yi tari da ƙarfi har Alhaji ya waiwayo, amma Malam ko kallona bai yi ba.

"Ikram, 'yata," ya ce da Hausa, "tsakanin kasuwar Kurmi da shagon Ɗantani na bakin layinku, wanne aka fi sani?"

"Kurmi, Malam."

"To wannan 'aka fi sani' ɗin shi ne better known. Ba kasuwar ce ta san wani ba, ita aka sani. Shi ya sa muka ɗauko known. Ba ni naki."

Ta sauke hijabin. "My mother's waina is better known than Yusra's mother's waina."

Aka sake dariya, wannan karon har da ita, Yusra 'yar ajinsu kuma tana ta rantsuwar ba haka ba ne. Hannaye suka tashi ko'ina, kowa da nasa misalin. Ban taɓa ganin ajin nan ya kama abu haka ba. A gefena na ji biron Abdulhakeem ya ja layi a kan fom.

A ofis na yi iya yina. Na ce su duba yadda yaran suka gane, na ce Malam ne ya koyar da rabin malaman unguwar nan. Alhaji ya ce shi ma yana ganin girman Malam, amma iyaye so suke su ji 'ya'yansu suna Turanci, in aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa dokar ta mutu.

"Ba kin sanar da su ba?" in ji Abdulhakeem.

"Na sanar," na ce.

"To shi ke nan, ya sani ya take." Ya turo min fom ɗin. Na sa hannu, don ko ban sa ba biyu sun riga sun sa.

Ranar da aka yi hutu aka ba Malam takardar sallama. Ina ɗakin malamai ni kaɗai ina haɗa sakamakon yara ya shigo, na miƙe. Takardar na hannunsa a buɗe, fuskarsa ba fushi, ni kuwa na fi son a ce fushin ya yi.

"Sa'adiyya, sun ce don na yi Hausa ne. Wai an sanar da kowa."

"Haka ne, Malam."

"Ke kin sani tun kafin ranar?"

"Na sani, Malam."

Ya daɗe yana kallon takardar, ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihu. Hawaye suka zubo min.

"Da kin gaya min," ya ce a hankali. "Minti arba'in ne fa kawai. Da na daure."