Ranar da Mai Walda Ya Gasa Kek a Tukunya

Mai Walda mutum ne da bai iya cewa "ba zan iya ba". Kai masa ƙofar da ta ɓalle ko gadon ƙarfen da ya gaji da duniya, zai zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce ka dawo da yamma. Shi ya sa ranar da 'yar matarsa ta tsaya a bakin shagonsa tana murza gefen siket, ta ce ta yi wa 'yan ajinsu alkawarin kek na walimar rufe makaranta, ko gilashin walda bai ɗage daga fuska ba ya ce, "Kek kawai? An gama."

"Baba, ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Amma ba wuta ce ke gasa shi ba? To ni da wuta muke aiki tun ba a haife ki ba."

Tsuntsuwa ake ce wa yarinyar, don cin abincinta tsince-tsince ne. Ubanta ya rasu tana goye, daga baya Mai Walda ya auri uwar, ya riƙe ta kamar shi ya haifa. To a wannan lokacin uwar tana asibiti. Ciki ya tsufa, jini ya hau, likita ya ce kwanciya ce har ta sauka. Gida ya rage daga shi sai yarinyar.

A nan maganar Gwaggo ta shigo. Gwaggo yayar marigayi ce, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi sallama a ƙofa maƙwabta ke amsawa. Ta bugo waya ta ce ranar Asabar za ta zo ta ɗauki 'yar ƙaninta, don ba ta ga yadda namiji, mai walda ma, zai riƙe 'ya mace shi kaɗai ba. Ta ce na ɗan lokaci ne. Amma kowa ya san in Tsuntsuwa ta shiga gidan Gwaggo, aka sa ta a wata makaranta a can nesa, dawowarta sai dai ziyara. Shi kuma ba shi da bakin hanawa, ba jininsa ba ce.

Da ya je dubiya, matar ta riƙe masa hannu ta ce, "Don Allah kar ka bari a tafi min da ita ina kwance."

"Ki kwantar da hankalinki, kar jinin ya ƙara hawa. Ke dai gaya min yadda kike kek ɗin nan."

Ta gaya masa. Gidan ba obin na gashi, a risho take yi. A zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, a rufe ya yi zafi, a ɗora gwangwanin kwaɓin a kai, a rage wuta sosai, kuma kada a yi ta buɗe murfi. Yana ta gyaɗa kai. Yashin ya ji, tukunyar ya ji, amma wajen "rage wuta" kunnensa ya tafi yawo, don a ganinsa ba mai koya masa wuta.

Asabar da hantsi ya rufe shago, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da gidan. Ya wanke hannu da omo har sau ba adadi, baƙin ƙarƙashin farce ya ce yana nan daram. Tsuntsuwa ta fasa ƙwai, shi ya juye fulawa da sukari da bota duk a lokaci guda, ya kama muciya ya yi ta dukan kwaɓin kamar sun yi faɗa. Ya kunna risho, ya murɗa lagwani har wuta na lasar kunnen tukunya.

"Baba, Mama ba ta sa wuta haka."

"Mamanki tsoron wuta take. Abin da take ɓata rabin yini a kai, yanzu za ki ga an gama."

An kuwa gama. Ƙamshi ya tashi mai daɗi, kafin su gama murna ya juye ƙauri, hayaƙi ya cika kicin ya fito tsakar gida. Kuma kun san yadda abin duniya yake, daidai lokacin ne Gwaggo ta yi sallama, ita da aka sa ran zuwanta da yamma.

"Innalillahi! Gobara ake yi?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Kek ne."

"Kek!" Ta ajiye jaka, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Ke, zo nan in gan ki. Dubi wuya kamar mariƙin lema. Me yake ba ki, rodi?"

"Muna cin shinkafa, Gwaggo. Da taliya."

"Je ki haɗa kayanki."

Yarinyar ta dubi Mai Walda. Sannan ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki.

Wani ne da nan ya fara ba da haƙuri yana rantse-rantse. Shi kujera ya jawo wa Gwaggo, ya kawo mata ruwan sanyi, sannan ya kife gwangwanin a faranti ya tsaga kek ɗin da wuƙa. Ƙasa gawayi, tsakiya kwaɓi na malala. Ya tsuguna yana dubawa kamar yadda yake duba waldar da ta ƙi kamawa.

"Na gane," ya ce. "Wuta ta cinye ƙasa kafin ta isa ciki. Siririn ƙarfe ma haka yake yi, in ka matsa masa sai ya huje. Laifina ne." Ya miƙe ya ɗauko sauran fulawa.

"Wai wani za ka sake?"

"Ta yi wa 'yan ajinsu alkawari. Ko kin tafi da ita, ni zan kai kek ɗin ranar Litinin, kada a ce ta yi ƙarya."

Gwaggo ta taɓe baki ta juya kai gefe. To amma fa akwai abin da macen da ta san girki ba ta iya kallo ta yi shiru. Da ta ga ya ɗaga ledar fulawa zai juye a kan ƙwai, sai ta daka tsawa.

"Kai! Siminti kake kwaɓawa? Bota da sukari ake fara bugawa, sai sun yi fari sun yi laushi. Haba, Malam!"

"Haka?"

"Wannan ai tuƙa jirgi ne. Kawo nan."

Ta zare zobe, ta naɗe hannun riga, ta karɓi kwano ta kafa shi a cinya. Ashe kafin ciwon baya ya kama ta, ita ke yi wa unguwarsu kek in ana taro. Tana bugawa tana faɗa. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. A tankaɗe fulawa da bekin fauda, a zuba kaɗan-kaɗan, a juya a hankali kada iska ta fice. Madara 'yar kaɗan. A shafe gwangwani da bota a barbaɗe shi da fulawa. Mai Walda na tsaye yana miƙa mata abin da ta nema, yana cewa, "To, Oga."

"Ni ba ogarka ba ce. Kuma gwangwanin nan ya zauna a kan yashi da yawa, shi ya sa gindin ke ƙonewa."

Sai ya zagaya shago. Aka ji ƙarar injin walda, can sai ga shi da ɗan murhun ƙarfe mai ƙafa uku, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya goge shi tas, ya dasa a cikin yashin, gwangwani ya hau ya zauna cas. Gwaggo ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan.

"Ba laifi," ta ce, kamar ana cire mata haƙori.

Ya rage lagwani har wutar ta koma shuɗiya, siririya. Aka rufe tukunya.

Tsuntsuwa ta fito da jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kai. Ba mai abin yi sai jira. Gwaggo ta jawo ta tana duba kanta.

"Wa ya yi miki kitso?"

"Baba ne ya kai ni wajen mai kitso. Ya zauna a benci yana jira, mata suna ta yi masa dariya."

"Dariya ba ta kisa," in ji shi.

Gwaggo ta kama ƙafar yarinyar ta ga maɓallin takalmin makaranta an liƙe shi da dalma. Ta leƙa ta taga ta hango yunifom a goge, a rataye. Sai ta aiki yarinyar ta wanko kwanonin, ta sassauta murya.

"Bari in gaya maka gaskiya, Malam. Ita kaɗai ƙanina ya bar min. Gobe matarka ta haihu, ka samu naka na kanka, wannan ta koma 'yar raino da wanke-wanke. A hankali ta manta da mu, ku ma ku manta da ita. Na ga an yi."

"Ni ma na ga an yi," ya ce. "Rantsuwa ba za ta gamsar da ke ba, don haka ba zan yi ba. Ƙofar nan ni na ƙera ta, kuma ban taɓa rufe miki ita ba. Ki zo ba sanarwa, duk lokacin da kika so. Ranar da kika tarar da ita a wulaƙance, ni zan ɗauko miki jakarta da hannuna. Amma uwarta na kwance, Gwaggo. In na je gobe ta tambaye ni ina 'yarta, me zan ce?"

Gwaggo ta ɗaga hanci. "Ya kusa. Ɗaga murfin kaɗan, kaɗan na ce!"

Ya ɗaga. Kek ya taso, ya cika gwangwani, amma samansa fari fat kamar bai ga wuta ba.

"Matsalar tukunya kenan," ta ce. "Mu da, garwashi muke zubawa a kan murfi, wuta ta zo ta sama. Akwai gawayi?"

"Babu. Amma tsaya."

"Kar ka kuskura ka kawo min wutar waldar nan kusa da kek!"

"Wallahi na yi tunaninta," ya ce yana dariya, "amma na tuba."

Ya koma shago ya zaɓo faifan ƙarfe mai kauri, ya gasa shi da wutar gas har ya fara ja, ya riƙo da awartaki yana cewa a ba shi hanya. Ya kwantar da shi a kan murfin tukunyar.

"Wannan ya fi garwashi riƙe zafi, kuma ba toka."

"Za mu gani."

Su uku suka zagaye risho. Ƙamshin da ya tashi wannan karon bai juye ba, sai ƙaruwa yake, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko buki ake ba a gayyace ta ba. Da ƙarfen ya huce, Gwaggo ta ce a buɗe. Saman ya yi ja-ja-ja, ya ɗan tsage a gefe guda. Ta ba Tsuntsuwa tsinke ta ce ta soka a tsakiya. Tsinke ya fito a bushe.

"Ya gasu! Baba, ya gasu!"

"Da ma na gaya miki an gama," in ji Mai Walda.

"Ji shi," in ji Gwaggo. "Kamar shi ya buga botar."

Aka kife shi a faranti yana tururi. Yarinyar ta zagaya shi tana kallo, sai idonta ya faɗa kan jakar da ke bakin ƙofa, murnar ta koma ciki. Gwaggo ta ga haka. Ta ɗauki zobenta ta mayar, ta daɗe tana murza shi a yatsa.

"Ni dai ba zan bar yarinya a hannun mutumin da ke neman ƙona gida ba," ta ce.

Ta gyara mayafi, ta ci gaba.

"Kuma ba zan sa mai ciki kuka a gadon asibiti ba, in ɗauki alhaki. To a ina zan kwana? Don ina nan har ta sauka, kuma ba na kwanan tabarma, bayana ba ya so."

Mai Walda ya ce, "Ɗakina da gado da fanka, naki ne. Ni akwai benci a shago."

"Ka canza zanin gadon. Ke kuma, mai da jakar nan ciki, kin tare hanya."

Tsuntsuwa ta suri jakar da gudu, har tana tuntuɓe da dokin ƙofa. Kafin ta fito Gwaggo ta ɗauki wuƙa tana auna kek ɗin da ido.

"Yaushe ake shiga dubiya? A yanka wa mai jiki ta ɗanɗana."

"Gwaggo, a'a! Na 'yan ajinmu ne!"

"To uwarki fa, ta ci labari?"

Duk suka juya suka dubi Mai Walda. Shi kuwa har ya leƙa ledar fulawa ya ga da saura, ya girgiza risho ya ji da kananzir.

"Ƙwai ne kawai ya ƙare," ya ce, yana zura takalmi. "Wannan karon ni zan buga botar."

"Ka dai sayo ƙwan tukuna," in ji Gwaggo. "Kuma ka duba, kar a ba ka fasassu."