Dabo a kan sikelin Alhaji Zakari

Raliya ce ta jawo maganar, kuma ba da niyya ba. Idan jarrabawa ta matso takan zauna gindin dalbejiyar gidansu ta yi ta karatu da ƙarfi, don a gaban mutane muryarta maƙalewa take yi, amma a gaban bishiya lafiya lau take fita. Ran nan darasin kimiyya take bita: ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, wannan jan ne ake kira nauyi, tsuntsu kuwa yana iya kufce mata ne saboda jikinsa sakayau yake, ƙirjinsa kuma tsoka ce zalla.

Mahaifinta Dabo yana kan tabarma yana shan fura. Ɗan dako ne a tashar Illela, shekara ashirin yana loda motocin da ke ƙetare iyaka zuwa Ƙonni, kuma duk tashar an san babu mai ƙirjinsa. Ya ajiye ludayi, ya tambaye ta ko ta san nauyin buhun wake. Ta ce kilo ɗari. Ya ce shi kuma saba'in da biyu ne, ko da ya ƙoshi.

"To wanda ke ɗaukar ɗari, mi za ya hana shi ɗaukar saba'in da biyu?"

Raliya ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Sai da ta ga kwana uku a jere yana dawowa da tsofaffin buhuna da gora, yana zama da basilla yana ɗinki, sannan ta gane da gaske yake. Ashe ya kai maganar tasha, abokin aikinsa Sufyanu kuma ya ce in har Dabo ya tashi sama, shi zai yi wata guda yana kiransa ranka ya daɗe.

Ranar kasuwa bayan azahar ta kai masa abinci, ta tarar an yi cincirindo. Can ƙololuwar wata mota da aka cika da wake, ga babanta tsaye, an ɗaura masa fukafukai biyu a damatsa, kowane ya fi tabarma faɗi. A ƙasa Sufyanu ya jera buhunan dusa huɗu, yana ta tsokana wai in ya wuce ta kan iyaka ya gaishe da jami'ai. Raliya ta dubi tsawon motar, ta dubi buhunan dusar, ta dubi ƙafafun babanta, waɗanda gidansu gaba ɗaya a kansu yake tsaye.

Ta san amsar sarai. Mai ɗaukar buhu ƙasa yake tokara, mai tashi kuwa iska zai tokara, hannun mutum kuma ba a yi shi don wannan ba. Amma ta san in ta faɗi haka a gaban maza, ta kunyata ubanta, kuma shi irin mutumin nan ne da kunya ke sa shi tsalle. Tana cikin waige-waige idonta ya faɗa kan babban sikelin Alhaji Zakari, wanda a tashar nan babu kayan da ke tafiya sai sun bi ta kansa.

"Baba," ta ce. Muryar ta fito siririya, babu wanda ya ji. Ta ɗaga murya ta sake. "Baba, ba a auna ka ba."

Kowa ya juyo ya dube ta. Sai wani tsoho ya ce wallahi yarinyar ta yi gaskiya, yaushe aka fara sallamar kaya babu awo? Raliya ta sunkuyar da kai tana bayani, kalma na karo da kalma. Ta ce ya hau sikelin ya kaɗa fukafukan. Allurar tana nuna ƙarfin da ƙasa ta riƙe shi da shi, in ta koma kan sifiri to ƙasa ta sake shi, sai ya hau mota ya tashi abinsa. 'Yan dako suka ce wannan tsari ne. Dabo ya sauko da ƙyar, fukafukan suna maƙalewa a igiyoyin kaya.

Alhaji Zakari ya gyara tabarau ya karanta: saba'in da biyar, har da fukafukai. Dabo ya ce bismillah ya fara kaɗawa. Ƙaiƙayi ya tashi, hular wani ta faɗi, kajin da ke tsince-tsince suka watse. Allurar ta yi ta rawa, ta sauka, ta hau, ta sauka. Jijiyoyin wuyansa suka fito raɗa-raɗa. Bai kai minti biyu ba hannuwan suka ƙi ɗaguwa, mutumin da ke yini yana jidar buhuna.

Yana haki ya tambayi ina ne iyakar inda allurar ta sauka. Alhaji ya ce saba'in.

"Kun ji ko?" in ji Dabo. "Kilo biyar na ƙwace daga hannun ƙasa. Sufyanu, zo ka ƙwaci naka mu gani."

Raliya ta ga lokacin da allurar ta haura tamanin ma, amma ta kama bakinta. Aka ɗaura wa Sufyanu fukafukan, ya yi ta fafutuka kamar zakaran da aka kama, kilo biyu kacal ya samu, aka yi ta masa dariya. Kafin a ankara 'yan dako sun yi layi, kowa na son a gwada shi, Alhaji Zakari yana ta faɗa wai wakensa na jiran awo.

Dabo ya koma inuwar mota ya buɗe kwanon tuwon. A hankali ya tambayi ɗiyarsa yaya ƙirjin mutum zai kasance kafin ya iya ƙwace sauran saba'in ɗin. Ta ce sai ya turo gaba kamar tsawon hannu biyu, ƙafafu kuma su koma kamar na balbela. Ya dubi ƙafafunsa, ya ce a'a, waɗannan yana son abinsa.

Ya kai loma biyu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙololuwar motar.

"Daga can sama, ɗiyata, buhunan dusar nan ƙanana na gan su." Ya matsa mata gefen buhun da yake zaune. "Zamna ki huta. In mun koma gida, ki ce wa Innarki sikeli kawai na hau."