Cinikin Baƙunta

Ɗalibanta suna kiranta Jan Biro, amma a bayan idonta. A gabanta Malama ce, ko tari mutum zai yi sai ya duba fuskarta tukuna. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana koyar da lissafin kasuwanci, da ta yi ritaya kuma zama ya gagare ta, ta buɗe ajin Asabar a wani ɗaki da ke saman shagon sayar da taya. Ɗaliban duk manya ne. Akwai tela, akwai mai kemis, akwai direban da ya gaji da tuƙa motar wani yana son sanin inda ribar take shigewa. Benci shida ne a ɗakin, da allo, da fankar da kukanta ya fi iskarta.

Tsarinta ba ya canzawa. Kowane mako ɗalibi ɗaya zai kawo shafin kasuwanci na jarida, a ɗauko kamfanin da ake labarinsa, a kwantar da shi a allo, a yi masa tambayoyi uku: me ya sayar, me ya shigo hannu, wa ke riƙe da sauran? Kamfanoni da yawa sun shigo ɗakin nan da rawar kai, sun fita a sunkuye.

Kamfani ɗaya ne bai taɓa hawa allon ba, kamfanin fentin da ƙanenta yake manajan kuɗi. Auta take kiransa har yau, da gemunsa da 'ya'yansa uku. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsu ta rasu, ita ta ɗauke shi, a kan teburin falonta ya koyi bambancin kadara da bashi. Wata takwas da suka wuce, da mai gidan da take haya ya ce zai sayar da gidan, ya ba ta wa'adin shekara ta kawo kuɗi ko ta tashi, Auta ne ya zo da mafita. Kuɗin ritayarta bai kai ba, saura kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce ta zuba su a hannun jarin kamfaninsu, kafin wa'adi sun cika har da na fenti. Suka yi dariya. Ya nuna mata inda za ta sa hannu, ta sa.

Ran Asabar ɗin nan juyin tela ne. Ya shigo yana washe baki, ya shimfiɗa jaridar a teburinta yana goge ta da tafin hannu kamar yadi.

"Malama, yau na kawo mai daɗi. Kamfanin fentin nan, ribarsu ta ninka. Wallahi kuɗin da nake tarawa na sabbin kekunan ɗinki, nan zan zuba su ranar Litinin."

Ta ga sunan kamfanin, ta ji wani daɗi ya ratsa ta, ta kuma ji ba ta son a taɓa shi. "Wannan ai lafiyarsa ƙalau. Ku nemo wani."

Mai kemis, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce, "A'a, Malama. Ke kika ce wanda ya fi ihun lafiya shi ake fara aunawa. Ko wanzami ne ba ya son jarfa?"

Aji ya ɗauki dariya. Malama ta harare ta, amma ta ɗauki alli. Ko ba komai, yau za ta nuna musu aikin ɗan da ya tashi a hannunta.

"Me ya sayar?"

Tela ya karanta daga taƙaitaccen rahoton shekara da jaridar ta buga a ƙarƙashin labarin. Ciniki ya ƙaru da rabi. Ta rubuta.

"Me ya shigo hannu?"

Tela ya bi layin da yatsa, ya tsaya, ya koma farko. "Malama, kuɗin da ke banki ya ragu fa. Bai kai rabin na bara ba."

"Sake dubawa."

Ya sake, bai canza ba. Allin ya yi ƙara a allo lokacin da take rubutawa. Tambaya ta uku ba ta fito daga bakinta ba, direba ne ya yi ta daga bencin baya.

"To wa ke riƙe da sauran?"

Bashin da kamfanin ke bin dilolinsa ya ninka uku. A ƙasa, da ƙananan haruffan da ake yi don kada a karanta, an ce mafi yawansa na watan ƙarshen shekara ne. Mai kemis ta tafa hannu.

"Cinikin baƙunta!"

Malama ce ta raɗa wa dabarar wannan suna. A watan ƙarshe sai a loda kaya a kai wa diloli, ko sun nema ko ba su nema ba, a rubuta an sayar, riba ta kumbura a takarda. Sabuwar shekara na kamawa kayan su dawo sito, sun je baƙunta sun dawo gida. Ba ta taɓa koya wa kowa wannan don ya yi ba, sai don ya gane in an yi masa. Mutum na farko da ta zana wa shi, da jan biro a bayan kalanda, yaro ne ɗan shekara sha shida mai zama a teburin falonta.

Ta ce a ranta wataƙila na sama da shi ne suka yi, aka tilasta shi. Tana cikin nema masa mafaka tela ya ce, "Ga wani ɗan akwati nan, hannun jarin shugabannin kamfani. Manajan kuɗi, bara yana da dubu ɗari uku da goma sha biyu. Bana babu ko ɗaya. Shi da kansa ya gudu!"

Dubu ɗari uku da goma sha biyu. Ba ta buƙatar buɗe durowar gefen gadonta ta duba takardar. Lamba ba ta taɓa ɓace mata ba, balle wadda ta saya da gumin shekara ashirin da bakwai.

Ta ƙarasa darasin. Allah ne kaɗai ya san yadda aka yi. Tela ya naɗe jaridarsa yana sa mata albarka, yana cewa yau ta cece shi daga rami, ita kuwa tana cikin ramin har wuya. Ta roƙi jaridar, ya ba ta.

Auta yakan biyo ta gidan duk yammacin Asabar, ya buɗe da makullin da ke hannunsa tun yana makaranta. Yau ma haka. Ya shigo da ledar lemo yana kiran, "Yaya, kin ga jarida? Mun tashi kan kowa!"

Ya tarar da ita a teburin falo, jaridar a buɗe, lambobi huɗu an zagaye su da ja. Ya duba, ya ajiye ledar a hankali. Bai tambayi ma'anarsu ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Hannun jarin wa na saya, Auta?"

"Yaya, bari in yi miki bayani."

"Tambaya ɗaya na yi."

"Nawa ne." Ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Da na kai su kasuwa, da an tambaye ni dalili. Ina da iyali, Yaya. Kamfanin nan tun tsakiyar bara yake tangaɗi. Kuma ban ɓoye miki ba. Ranar da na kawo takardun, na haɗa da rahoton rabin shekara. A nan na ajiye shi. Da kin buɗe da kin gani."

Gaskiya ya faɗa. Ta tuna rahoton, mai shuɗin bango. Kwana uku ya yi a teburin, ta ɗora masa kofin shayi, daga baya ta sa shi a ƙasan durowa. Ita da ke lissafa canjin mai kanti a gabansa, ita da ta taɓa mayar wa shugaban makaranta takarda saboda sifili ɗaya. Baƙin ciki ya taso mata har ta ji ɗacinsa a harshe. An ce naka shi ke ba da kai, ta sha faɗa wa mutane, ba ta taɓa zaton da ita ake ba.

"Ka san ba zan buɗe ba."

Ya kawar da kai. Ta ci gaba.

"Duk duniya lissafin mutum ɗaya ne ban taɓa dubawa ba. Ka sani. Shi ya sa ka zo nan."

"Ba ki yi asara ba tukuna!" Ya matso, muryarsa ta dawo ta manaja. "Saurare ni. Labarin nan ya ɗaga farashi. Kayan ba za su fito fili ba sai rahoton gaba. Ki sayar ranar Litinin da sassafe, ki samu kuɗinki har da ƙari, ki biya mai gida. Ai har da ke a raina da muka gyara lambobin."

Ta dube shi. Ga hancin mahaifiyarsu, ga tabon goshin da ya samu ranar da ya faɗo daga katangar gidan nan ta goya shi zuwa asibiti. Ta duba falon kuma, labulen da ta ɗinka, tagar da take zama ta yi makin takardu, shekara goma sha tara. Litinin da safe duk wannan zai iya zama nata. Sai ta hango tela a ranta yana goge jarida da tafin hannu.

"Wa zan sayar wa?"

"Ko ma wa. Kasuwa ce, Yaya, ba kya ganin fuskar mai saye."

"Kai ka ga tawa."

Ya sunkuyar da kai. A waje wani yana ta danna hon, fanka na juyawa, ledar lemon ta kwanta ɗaya ya gangaro ya tsaya a ƙafar kujera. Babu wanda ya ɗauka.

Ta rufe jan biron, ta miƙa masa tafin hannu.

"Kawo makullin."

"Yaya, korata za ki yi?"

"Guda uku mai gida ya ba ni ranar da na shigo. In wa'adi ya cika zai nemi kayansa cif, ni kuma ban saba mayar da abu da giɓi ba."

Ya daɗe yana fama da zoben makullan kafin ya zare shi ya sa mata a hannu.