Si Bushta Ya Kwashe Kayansa

Si Bushta maɗinkin jallabiya ya fito daga wurin adalai, malaman rubuta shaida, yana dariya shi kaɗai, har mai sayar da na'ana'a a bakin kasuwa ya tambaye shi ko aure zai ƙara. Shekararsa saba'in da ɗaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu duk mata, Batul da Zuhur. Kowa a garin Sifru ya san yadda abin zai kasance ranar da ya rufe ido: sulusin gidan zai faɗa hannun Allal, ɗan wansa marigayi, wanda ko gaisuwar salla ya zo sai ya ƙwanƙwasa bango da yatsa ya ɗaga kai yana duban katakon rufi. Ɗaki uku da tsakar gida ba sa rabuwa sai an sayar. Zuhur tana gidan mijinta a Maknas, amma Batul a gidan take da keken ɗinkinta, ba ta da inda za ta.

Si Mufaddal, babba cikin adalan biyu masu rubuta takardun aure da na gado, shi ya nuna masa hanya. Mai rai yana da ikon kyautar da abinsa. Sai dai ya yi kyautar da ƙafarsa, domin kyautar wanda ciwon ajali ya kwantar wasiyya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Sannan sai an yi hauzi, wato ya kwashe komai nasa ya bar wa 'ya'yan nasa gidan shekara guda, adalai biyu su zo su gani da idonsu. Abin da Si Bushta bai faɗa wa kowa ba shi ne likita a Fas ya ce ya dawo ran Litinin a kwantar da shi a duba zuciyarsa. Don haka ya sa adalai su zo Asabar.

Ran Juma'a bayan masallaci aka fara kwasa. Ya kama ɗaki a saman gidan burodin unguwa, taku ashirin daga ƙofarsa, amma ka ce Makka zai tafi. Maƙwabta suka cika lungu, wata tsohuwa da ba ta san abin da ake ciki ba ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Shi kuwa tsoho sai hawa bene yake yana sauka ba gaira ba dalili, don jama'a su shaida lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauki teburin yanka a ka, ya yi juyi da shi a tsakar gida kamar mai rawar biki. Zuhur, da ta zo daga Maknas don kwasar, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun ulu. Batul ta bi ɗaki ɗaki tana farautar kayansa, carbi a ƙusa, aska a taga, tsohuwar hula a bayan madubi.

Ana cikin haka sai ga Allal. Ya ga kaya a waje, ya ɗauka sayar da gida za a yi a raba tun yanzu, nan take ya naɗe hannun riga.

"Baffa, ai da ka aiko mini da na zo da mota."

"Ɗauki katifar nan dai, ɗana. Ladanka na wurin Allah."

Allal ya saɓa katifa, ya dawo ya ɗauki akwati, ya dawo ya ɗauki murhu. Si Bushta ya shige bayan ƙofa ya cusa bakin jallabiya a baki yana ƙyaƙyatawa har hawaye. Bai taɓa jin daɗin ɗan nan irin na ranar ba.

Asabar da azahar adalai suka iso, Si Mufaddal a gaba, na biyun a baya riƙe da littafi. Si Bushta tun safe yake gidan, wai ya zo taya 'yan mata gyara. Da jin an taɓa ƙofa ya riga kowa tashi, ya buɗe ta wangale, ya ce marhabin, gidansa gidansu ne. Ya zaga da su ko'ina yana buɗe kabad yana nuna babu ko allurarsa. Sannan ya zaunar da su, ya harɗe a gaban faranti, ya ɗauraye ganyen shayi, ya cusa na'ana'a, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta hau bakin kofi. Shekara arba'in da huɗu yake yin haka, hannunsa bai nemi izininsa ba.

Si Mufaddal ya kurɓa, ya lumshe ido, ya miƙa hannu ya rufe littafin abokinsa.

"Shayi ya yi, Si Bushta. Hauzi ne ban gani ba."

"Haba malam, ko cokali ban bari ba."

"Cokali ya tafi, mai gida yana nan. Wa ya buɗe mana? Wa ya ce mu zauna? Buta a hannun wa take?"

Zuhur ta tuntsire, Batul ta bi ta, har mai littafin ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Si Mufaddal ya ce ba komai, sai su dawo Asabar mai zuwa. A nan dariyar Si Bushta ta tsaya. Asabar mai zuwa tana bayan Litinin, kuma bai san ko da ƙafarsa zai fito daga asibitin Fas ba. Tsoro ya kama shi sosai, ya ajiye butar a hankali, ya roƙi malam ya yi wa Allah a gama yau. Si Mufaddal ya daɗe yana kallonsa. Daga bisani ya ce za su je masallacin bakin lungu su yi la'asar, abin da suka tarar in sun dawo shi za su rubuta.

Suna fita gida ya sake kaurewa. Zuhur ta zubar da shayin ta wanke buta don kada ƙanshin hannunsa ya tona asiri. Batul ta lalubo mabuɗin daga hular jallabiyarsa inda yake ajiye shi, ta tura shi waje da hannu bibbiyu, yana turjewa yana cewa ya haifi 'yan fashi. Ya laɓe a bakin gidan burodi yana leƙe. Ya ga adalai sun dawo, ya ga Batul ta buɗe musu ta ce marhabin, ya ji ƙofa ta rufu, ya ji sakata ta faɗa.

Saura sa hannunsa. Ya tako har bakin ƙofa yana murmushi, ya kama ƙarfen ƙwanƙwasawa, sai ya tuna tun da ya sayi gidan bai taɓa taɓa shi ba. Ya buga sau biyu.

"Wane ne?" in ji Batul daga ciki, tana danne dariya.

Ya buɗe baki zai ce shi ne. Abin da ya fito sai irin maganar matafiyin da ba shi da masauki.

"Baƙon Allah ne."

Sakata ta motsa, ƙofa ta buɗe, ga Batul tsaye da mabuɗi a hannu, fuskarta sharkaf. Daga bayanta ya hango Si Mufaddal ya buɗe littafi ya cire murfin alƙalami.

"Shigo, baƙon Allah," in ji ta. "Gidana ne. Babu mai fitar da kai."